Mutumin Cikin Wayar Niar

Kendari, 3 ga Maris

Zuwa ga matata Hasniar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Makassar lafiya, kuma jirgin ruwa bai juya miki ciki ba kamar yadda ya saba. Ni ina nan ƙalau, in dai za a kira mutumin da ya kwana tara yana cin taliyar leda mai lafiya.

Ga ni yau da furfurata ina rubuta wa matata wasiƙa da biro. Lauyoyin da suka ɓoye ki sun ce kada in kira, kada in tura saƙo, sai dai takarda ta hannun Gwaggo Sakka in za ta kai busasshen kifinta kasuwar Makassar. To, na bi doka. In kin ji takardar tana ƙarnin kifi, ki yi kuka da lauyoyinki.

Niar, kin zama labari a garin nan. Tun ranar da wayarki ta yi miki gargaɗi cewa wasu masu ƙarfi sun shiga cikinta, ba ni da sakat a shagon kofi na Haji Tompo. Jiya ina zama ya ce, "Daeng Naba, ashe babbar mace ka ajiye a gida! An ce manhajar leƙen asirin nan ta fi jirgin kamun kifi goma tsada." Wani daga baya ya ce, "Kai fa, Daeng, an duba taka?" Aka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, me zan yi?

Abin da ba su sani ba, na kai an duba. Matar da lauyoyinki suka turo ta riƙe wayata awa biyu, ta dawo mini da ita tana murmushi, wai in gode wa Allah, ba kowa a ciki. Ba kowa! Shekara ashirin da shida ina aikin jarida a garin nan. An fasa mini gilashin mota, an kai ni kotu sau biyu, ni na kafa jaridar da kike wa aiki, ni na koya miki yadda ake tsare shugaban ƙauye da tambaya. Amma da aka tashi kashe kuɗi don a saurari wani a gidanmu, sai aka tsallake ni aka je wurinki. Ba hassada nake yi ba, wallahi. Ina dai faɗa ne.

Sai abu guda da ya tsaya mini a wuya. Takardun gwajin ruwan nan, waɗanda suka nuna kamfanin haƙar ma'adinin nikel ya daɗe da sanin rijiyoyin tsibirin Lambeso sun gurɓace, har yau ban san wanda ya ba ki su ba. Ni ne editanki, ni ne mijinki, ni na sa hannu aka buga labarin. Masu leƙe sun karanta wayarki, matar da lauyoyi suka turo ta karanta, ni kaɗai ne aka rufe wa ƙofa.

Ki ci abinci. Ki gaishe da masu gidan.

Mijinki,
Daeng Naba

*

Makassar, 9 ga Maris

Daeng nawa,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka da ƙarninta duka, na gode. Lafiyata lau. Akwai garin sago a tulun da ke bayan ƙofar kicin, ka tuƙa tuwo ka sayi kifi, ka rabu da taliyar nan kafin ta kashe ka.

Haba, Daeng! Kai kaɗai ne mutumin da na sani da zai ji haushi don ɓarawo ya tsallake ɗakinsa. Kana so mu yi musanya? Zo ka karɓa. Wata biyar suna cikin wayata. Sun ji ni ina kuka a wurin Inna a asibiti. Suna da hotunan da na ɗauka na kumburin ƙirjina don in nuna wa likita. Suna iya kunna kyamara ina canza kaya, ban sani ba ko sun yi. Yanzu ko wanka zan shiga sai na dubi rufi. Wannan ita ce girmamawar da kake kishi.

Ka saurare ni da kyau, don wannan ne abin da ke hana ni sukuni. Sun samu komai nawa, amma ba su samu abin da suka shigo nema ba. Ba su san sunan wanda ya ba ni takardun ba. Bai taɓa rubuta sunansa ba, ni ma ban taɓa ba. Layin da yake amfani da shi ba da sunansa aka yi rajista ba, kuma a tsakiyar teku kawai yake kunna wayar. Ranar da labarin ya fito ya jefa ta ruwa. Takardun sun bi ta hannun mutum sama da arba'in, an tsare su ɗaya bayan ɗaya an yi musu tambayoyi, ba a samu komai ba. Mutanen Lambeso kuwa ka san su, baƙo ko sunan akuyarsu ya tambaya sai su ce ba su da akuya.

In suka gano shi, Daeng, ba aikinsa kaɗai zai rasa ba. Za su ce ya saci takardun kamfani, su rufe shi shekaru, in ma ya kai kotu da ƙafafunsa ke nan. Na yi masa alkawari ba wanda zai ji sunansa daga bakina. Ban ce masa ban da mijina ba. Kai ne ka koya mini haka a makon farko da na fara aiki, kana buga tebur.

Lauyoyi sun ce in ƙara wata guda a nan. Ina kewarka, har da surutunka. Ka gaishe da Haji Tompo, ka ce masa na ji saƙonsa.

Taka,
Niar

*

Kendari, 14 ga Maris

Hasniar,

Salam. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Shekaranjiya da hantsi na je shagon Haji Tompo, ya miƙo mini ambulan, ya ce wani ya bar mini a teburina. Ba suna, ba adireshi. Na buɗe a gaban mutane, da na sani da ban yi ba. Shafi shida ne, hotunan hirarki da mutumin nan naki, an buga su tsaf a takarda.

Bari in tuna miki, ko kin manta. Shi ya rubuta: "Mu haɗu wurin da muka saba. Kada mijinki ya sani." Ke kika amsa: "Ba zai sani ba. Ya tafi Kolaka sai Lahadi." Wata rana ya rubuta: "An cire mini haƙori, kumatuna a kumbure, ba na so ki gan ni haka." Ke kika ce: "Ko yaya kake ka zo. Na ƙagu in gan ka." Na ƙagu in gan ka! Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, yaushe rabon da ki rubuta mini haka? Ni saƙonki na ƙarshe a wayata cewa kika yi in sayo iskar gas.

Na tuna tafiyar Kolaka. Ke kika shirya mini jaka, har kika sa mini soyayyar ayaba a leda. Ashe korata ake yi, ni kuma ina ta godiya kamar wawa.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce majiya ce. Ni ma na yi majiyoyi, Niar, sun fi gashin kaina yawa, ban taɓa jin wadda take damuwa da yadda kumatunta zai fito a idona ba. Kuma in majiya ce, me ya hana shi zuwa wurina? Duk wanda ke da takarda a yankin nan ya san teburin Daeng Naba. Me ya gani a wurinki da bai gani a wurina ba? Na san amsar, ita ce take cina.

Ina kishi, na faɗa. Ba na iya cin abinci. In na ga namiji a titi ya kai hannu kumatunsa sai in tsaya ina kallonsa kamar mahaukaci. Saurayi ne? Yana da gashi? Yana sa ki dariya?

Ki rubuto mini sunansa a takardar da Gwaggo za ta dawo da ita. Suna kawai. In je in gan shi da idona, in tabbatar majiya ce, in dawo in ba ki haƙuri a gaban duk wanda kike so. In ba ki rubuto ba, kin san wanda kika aura.

Daeng Naba

*

Makassar, 18 ga Maris

Daeng,

Assalamu alaikum. Na roƙi Gwaggo ta juya yau ba tare da ta gama sayar da kifinta ba, don takardar nan ta same ka da wuri. Ka zauna ka karanta ta sau biyu, don girman Allah.

Ka tambayi kanka abu ɗaya. Wa yake da hotunan hirar nan? Ni ba ni da su, wayar tana hannun masu bincike a kulle. Shi ya jefa tasa teku. Saura wa? Mutanen da suka zauna a wayata wata biyar su ne suka buga maka shafi shida, daga cikin shafuka sama da ɗari. Sun cire duk inda ake maganar rijiya da gwaji da yaran da fatarsu ke saɓulewa, suka bar maka abin da zai ƙona ka. Ba don suna tausayin aurenka ba ne. Sun nema sun rasa, shi ne suke so ka nemo musu.

Ga amsoshinka, tunda sai na wanke kaina kamar mai laifi. Na ƙagu in gan shi saboda shafi biyu na ƙarshe suna hannunsa, kai kuma kana tsaye a kaina kana cewa in ba su zo ba ranar Litinin ba za ka buga ba. Maganar kumatu, tsoro yake kada a gane shi, mutum da fuska a kumbure kowa zai tuna ya gan shi. Wurin da muka saba kuwa, layin masu sayar da kankana ne a bakin tashar jirgin ruwa, da rana tsaka, muna tsaye kamar masu ciniki.

Shi kuma "kada mijinki ya sani", sharaɗinsa ne tun ranar farko, kuma yana da dalili. Ba zan faɗa maka dalilin a takarda ba, zai yi maka zafi, kuma yanzu ba zafi nake so in ƙara maka ba.

Na ji ciwon wasiƙarka, Daeng. Na yi kuka a banɗakin mutane. Baƙi sun tube ni wata biyar, ban zaci mijina zai karɓi abin da suka tsinta ya auna ni da shi ba. Amma wannan tsakaninmu ne, za mu yi faɗansa in na dawo, ka zage ni in zage ka. Shi mutumin nan ba ruwansa. Kada ka neme shi. Kada ka tambayi kowa. Ka ƙona takardun. In kana so ka sake ni, ka sake ni, amma kada ka neme shi.

Ba zan rubuta sunan ba.

Matarka, har yanzu,
Niar

*

Kendari, 21 ga Maris

Hasniar,

Salam. Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce. Wato kin yarda a sake ki a kan ki faɗi sunansa. Madalla. Kuma akwai wani dalili da ku biyu kuka sani game da ni, wanda ni ban isa in ji ba. Kun zauna kun tattauna ni ke nan, a layin kankana.

Kin ce masu manhaja mai tsadar jirgi goma sun nema sun rasa. Su ba 'yan jarida ba ne. Ba wanda zan faɗa wa, idona kawai nake so ya gani.

Daeng Naba

*

Kendari, 26 ga Maris

Niar, ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Zan faɗa miki komai yadda ya faru, ba zan rage ba.

Kwana biyu ya ɗauke ni. Akwai kwanan wata a saman saƙon haƙorin, Juma'a ce ta biyu a Janairu. Na ce mutumin da aka cire wa haƙori a Kendari, in ɗan Lambeso ne, jirgin yamma zai bi ya koma. Na je wurin matar da ke yankan tikiti a tasha. Kin san ta, ita ce wadda ɗanta ya nutse shekarun baya, na bi maganar har aka hukunta mai jirgin. Sau uku wasu suka zo mata da tambayoyi a watan nan, ta ce musu ita ba ta kallon fuskar fasinja. Ni ina tambaya ta ce, "Don kai ne, Daeng. Mai kumburarren kumatu a Janairu? Ai La Dumi ne, direban kamfani, mai kawo kwalaben ruwa gwaji ya koma da sakamako. Har na ba shi ganyen shayi ya dafa." Na fito daga tashar ina jin kaina kamar ɗan shekara talatin. Wallahi daɗi na ji, Niar. Na ce a raina, su zo su ga yadda ake aiki.

Ranar Talata na hau jirgin safe. A Lambeso duk wanda na tambaya gidan La Dumi sai ya raka ni da hannu, har da mai cewa, "Daeng Naba ne da kansa, ku ba shi hanya."

Na same shi a ƙarƙashin gidansa, irin wanda ake ɗorawa a kan dirkoki, yana gyaran raga. Niar, mutumin da na kwana goma sha biyu ina zana shi a kaina da gashi da ƙirji, ɗan siriri ne mai sanƙo, ya kusa kai ni shekaru. Matarsa, mai suna Wa Sarima, ta sauko da tsohon ciki, ta kawo mini shayi da soyayyar rogo, tana ta murna babban ɗan jarida ya zo gidansu. Duk da haka ban dawo hayyacina ba. Na jira ta hau sama, na zaro takardun na watsa masa a kan raga, na ce, "Ka san waɗannan?"

Ya duba shafin farko. Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba. Bai ce mini komai game da ke ba. Ya ce, "Daeng, wa ya ba ka?"

Na ce a teburina aka bar mini.

Ya ce, "Wa ya nuna maka gidana?"

Na ce kowa.

Ya ce, "Wayarka tana ina?"

Na taɓa aljihuna. Na ce masa kada ya damu, an duba ta, ba wanda ya kula da wayata. Da bakina na faɗa, har da 'yar dariya.

Ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Wurinka na fara zuwa, Daeng. Bara, da takardun a cikin rigata. Na zauna a teburin da ke bayanka a shagon Haji Tompo ina jira mutane su ragu. Kana ba su labarin yadda ka tona asirin cinikin filin tasha. Ka ce ba za ka faɗi wanda ya ba ka ba, amma gurgu ne, kuma yana aiki a ofishin filaye. Kowa ya yi dariya, don kowa ya gane shi. Na biya kuɗin kofina na fita. Shi ya sa na nemi matarka."

Ba shi da haushi a muryarsa, wannan ne ya fi kashe ni. Na ce ya tattara iyalinsa mu tafi tare yanzu. Ya nuna sama da haɓa, ya ce saura mata kwanaki, ungozoma ta hana ta hawa ruwa, shi kuma ba zai bar ta ba. Ya roƙe ni abu ɗaya, in sha shayin kafin in tafi, kada ta ga kofin a cike ta yi zargin wani abu. Na sha.

A jirgin dawowa wani mutum mai hula ruwan toka ya zo ya zauna kusa da ni. Na san fuskar, makonni yana zama tebur biyu daga nawa, na ɗauka dillalin babura ne. Ya miƙo mini sigari, na ce ba na sha. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Daeng Naba. Dama an gaya mana ba ka da na biyu a bincike." Da muka iso tasha ya sauka ya shiga wata mota.

Na je wurin lauyoyinki na nan kai tsaye, na faɗa musu komai, sun ce za su tura mutum tsibirin da jirgin farko. Ban sani ba ko lauyoyin sun riga masu nemansa. Shekara ashirin da shida ina jira wani daga cikin mutanen nan ya ce na iya aiki, kuma ga shi an faɗa mini.

Ba na neman ki yafe mini a takardar nan. Ki gaya mini abin da zan yi kawai.

Mijinki, in har yanzu kin yarda,
Daeng Naba

*

Kendari, 30 ga Maris

Daeng,

Wa alaikumus salam. Ina Kendari tun jiya. Ina gidan Gwaggo Sakka, kada ka zo nan.

Lauyoyin ba su riga su ba. An ɗauke La Dumi ranar Laraba da safe, a gaban masallaci. Lauyoyi sun zaga ofisoshin jami'an tsaro huɗu, kowanne ya ce ba ya hannunsa.

Matarsa Wa Sarima ta haihu ranar Juma'a, mace. Na je na gan ta. Ba ta san komai ba, ba ta ma san mijinta ne ya ba da takardun ba sai da na gaya mata. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mun gode Allah da Daeng Naba ya zo ya gan shi kafin a kama shi. Shi babban mutum ne, zai nemo mana shi." Sannan ta tambaye ni wane la'ananne ne ya nuna mijinta. Na ce zan kawo mata amsa.

Ka tambayi abin da za ka yi. Jirgin Lambeso yana tashi ranar Alhamis ƙarfe bakwai na safe. Zan kasance a ciki. In ka zo, kai za ka faɗa mata da bakinka, ina zaune. In ba ka zo ba, ni zan faɗa, kuma daga can ba gidanka zan dawo ba.

Allah ya ba mu alheri.

Hasniar